Mas'alar Burodin Gida

Malamanmu na fiƙihu, Allah Ya jiƙansu da rahama, sun yi wa kusan kowane sha'ani na ɗan'adam babi, tun daga tsarki har zuwa rabon gado, amma a iyakar ɗan karatun da na yi a zaure, daga Ahalari zuwa Risala, ban ci karo da hukuncin magidancin da uwargidansa ta wayi gari da azamar gasa burodi da hannunta ba, alhali kuwa mas'ala ce da ta game unguwannin Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, har da wuya mutum ya ratsa layi uku bayan La'asar, tsakanin titin Maiduguri da titin Zariya, bai shaƙi ƙaurin kwaɓin da ya ƙone ba. Tun da manya sun bar gurbin, bari almajiri ya ɗan taɓa, ba don ya isa ba, sai don a gidansa abin ya auku.

Asalin fitinar daga nesa ta taso. A watan Fabrairun 2022 Rasha ta auka wa Yukren, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, ni kuwa da na ji labarin a rediyo sai na yi musu addu'ar zaman lafiya na ci gaba da kurɓar shayina, ban sani ba ashe har da tabarmata ake yaƙin. Kafin a farfaɗo aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta bi ta zube, har ta kai a farkon 2024 matan da ke sana'ar gurasa a cikin birni suka fito titi suna kuka da tsadar fulawa. Burodin kanti kuwa sai ya kamu da wata cuta mai ban al'ajabi, wadda ko likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da ke maƙwabtaka da mu ba su san maganinta ba: kullum jikinsa ramewa yake yi, kuɗinsa yana ƙiba.

Ana cikin haka, wata safiyar Asabar ina lazimi, uwargida ta durƙusa ta gaishe ni da irin ladabin nan da tsawon zama ya koya mini jin tsoronsa, ta ce, "Malam, almubazzarancin da ake yi a gidan nan ya ishe ni. Me ke cikin burodi in ban da fulawa da ruwa?" Hujjarta ta farko wata Baturiya ce da ta gani a waya, wadda ta kwaɓa, ta gasa, ta yanka, duk cikin minti uku, ba ta ko ɓata gaban rigarta ba. Hujja ta biyu kuwa na'urar gashi ce ta lantarki da iyayenta suka jera mata a kayan ɗaki shekara biyar da suka wuce, wadda tun ranar da 'yan ganin ɗaki suka yi mata kabbara ba ta sake fitowa daga kwalinta ba. Na nemi abin da zan ce na rasa, domin duk magidancin da ya yi jayayya da tattali ya ba da shaida a kan kansa.

Na tafi kasuwar Singa da takarda a hannu. Na sayo fulawa da sukari da bota da madarar gari da yis, da gwangwanayen gashi huɗu, da ɗan sikeli, domin wai Baturiyar ba ta san kwano ba sai giram. A kan hanyar dawowa kuma, ina maƙale cikin adaidaita sahu da kaya a cinya, na buga hisabi irin wanda muka koya don fitar da sudusi da sumuni, sai na ga kowane burodi ɗaya da muke fata zai tashi a kan kuɗin uku na kanti. Da na ambata mata, cikin lafazi mai taushi, sai ta ce ai wannan jari ne. Na yi shiru, don ban taɓa jin an yi gardama da jari an ci riba ba.

A nan ne ya wajaba in gabatar da mutum na uku a cikin ƙissar, wato Abba, ɗan shekara uku, mai sunan mahaifina, wanda saboda wannan suna babu mai iya daka masa tsawa a gidan sai an fara neman afuwar marigayi. Shi yis, ga wanda bai sani ba, wata halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ainun, wadda ke cin zaƙin da ke cikin kwaɓi tana fitar da iska, iskar nan ce kuma ke kumbura burodi; ruwan zafi yana kashe shi, sanyi yana sa shi barci, ba ya son gaggawa, ba ya son a dame shi. Abba kuwa an halicce shi ne daga gaggawa da damu. Lokacin hunturu ne, sanyin Kano ya sauka da ƙurarsa, saboda haka aka rufe kwaɓin da bargona, ni mai bargon aka bar ni da rawar ɗari, aka ce kada kowa ya buɗe sai bayan awa guda. Cikin wannan awa Abba ya ɗaga bargon sau goma sha ɗaya, ni na ƙirga, kowane karo yana soka yatsa ya tambaya, "Umma, ya tashi?" A na ƙarshe ya yanke hukuncin cewa tun da barci kwaɓin yake yi, ruwan buta ne zai tashe shi, kamar yadda ake yi masa shi ranar makaranta. Ƙiyasi ne sahihi, ban ga inda malami zai kushe shi ba.

Aka ƙara fulawa don a gyara ruwan, aka ƙara ruwa don a gyara fulawar, har kwaɓin da aka nufa don mutum uku ya isa walimar saukar karatu. Abba ya samu rabonsa ya gina raƙumi da shi, ya ci ƙafa ɗaya ɗanya, sauran ya liƙa a makunnin fitila, shi kansa ya koma fari fat kamar yaron injin niƙa. Aka sauke na'urar daga kan kabad da bisimilla, aka jera gwangwanaye, aka rufe, ta fara ɗumi ke nan sai aka ɗauke wuta. Uwargida ta yi salati, ta aika maƙwabta aron babbar tukunya, aka zuba yashi a gindinta, aka hura gawayi ƙasa da bisa murfi, wanda shi ma ni na sayo, bai kuwa shiga hisabin farko ba.

Abin da ya fito bayan Magariba yana da siffar burodi ta fuskar zahiri. Samansa baƙi, tsakiyarsa ɗanye, gindinsa kuwa da za a samu dubu irinsa da an kewaye fili a Hotoro. Ba a taɓa shi ba sai da aka kankare baƙin, aka juya kyakkyawan ɓangaren wajen fitila, aka ɗora shi kan farantin da ba a fitarwa sai Sallah, aka ɗauke shi hoto ta fuska bakwai aka saka a WhatsApp. Kafin Isha'i mata arba'in sun rubuto Masha Allah, goma suna neman a koya musu. A daren nan na fahimci cewa burodin gida, kamar lefe, ba don masu shi ake yinsa ba.

Kashegari Hajiya mahaifiyata ta zo daga cikin birni. Ta ɗauki yanki, ta jujjuya shi, ta ƙwanƙwasa shi da zobe, sa'an nan ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yar nan," wanda a bakin suruka daidai yake da hukuncin alƙali. Daga nan ta juyo kaina ta yi mini darasi: cewa Kano ba baƙuwar alkama ba ce, tun zamanin da Larabawan Turabulus da Gadamus ke sauke kaya a Kurmi ake manna gurasa a cikin tanderu a Jakara, ana yin alkaki da alkubus, ba sikeli ba lantarki, cewa ko a 1987, da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama aka koma ga ta Kadawa, ba ta ga matar da ta rufe kwaɓi da bargon mijinta ba. Abba, wanda ke zaune a cinyarta, ya ce, "Hajiya, kar ki ci, Baba ya ba kaza ta ƙi." Ban san ya gan ni ba.

Saura ukun aka raba wa maƙwabta, saboda haƙƙin maƙwabtaka. To, a al'adarmu kwano ba ya komawa gidansu wayam, kuma babu matar da za ta yarda a ce ta layin baya ta fi ta hannu. Kafin mako biyu kowane gida a layinmu ya sauke tasa na'urar daga kan kabad, kwanuka suna ta kai da komo a hannun yara, kowa na karɓar tubalin wani yana aika godiya da cewa bai taɓa cin mai laushinsa ba. Malamai sun yi rangwame a kan ƙaryar da za ta gyara tsakanin mutane, amma ban tabbata sun yi nufin a riƙa yinta kullum da man shanu a kai ba.

Ni dai, da haƙorina na dama ya fara yi mini gargaɗi, sai na ɗauki ɗabi'ar jinkiri a masallaci bayan Isha'i, daga nan in zaga ta bakin titi wurin mai shayi. Daren farko na tarar da magidanta biyar na layinmu a kan benci, har da ladan, kowa ya sunkuya a kan kofinsa da burodin kanti a hannu, muka gaisa a taƙaice, babu wanda ya tambayi wani dalili. Kuskurena ɗaya ne: ranar Alhamis Abba ya yi kuka sai ya bi ni masallaci, na ɗauke shi, na saya masa nasa yankin da bota, na kuma yi masa nasiha mai tsawo a kan falalar riƙe sirri, yana gyaɗa kai bakinsa cike. Muna yin sallama ya ruga ya faɗa jikin uwarsa, ya ce, "Umma, mun ci burodin gaske!"

Uwargida ta dube ni tsawon abin da mutum zai karanta Fatiha, ba ta ce uffan ba. Da safe na tarar da takarda a kan hulata: fulawa kwano huɗu, yis babban gwangwani, gawayi buhu guda, a ƙasa kuma ta ƙara da cewa Baturiyar ta fitar da sabon darasi, na kek.