Gayyar Tashi a Unguwar Rogo

Ba a koya wa mutumin Jos ɗaurin kaya. Tun rikicin Satumban 2001, da na 2008, da na 2010, jama'a suka yi ta sauya unguwa, kowa na neman inda zai yi barci da minshari. Ambaliyar Yulin 2012 kuma ta zo ta tashi na bakin rafi a Rikkos da Gangare. Duk wanda ya girma a garin nan ya taɓa kama ƙafar gadon wani. Amma duk da wannan ƙwarewa, har gobe ba mu iya taya mutum tashi ba sai mun haɗa da wasan kwaikwayo.

Da damina ta ja baya, wata baiwar Allah a layinmu ta fita takaba da marayu biyar, mai gida kuma ya ce yana son ɗakinsa. Aka yi karo-karo a masallaci, aka kama mata ciki da falo a Unguwar Rogo, liman ya yi sanarwa bayan Asuba cewa ranar Asabar akwai gayya. Na je, na kuma buɗe ido.

Wanda ya riga kowa zuwa shi ne sarkin umarni, cikin farar shadda da karin guga. Da ganin shigar ka san bai zo da niyyar taɓa ƙura ba. A-kori-kura ta tsaya a bakin titi don lungun ya fi ƙarfinta, sauran tafiyar sai a ka, a bi tsakanin duwatsu da kwata. Nan ya samu filinsa. Da aka iso ƙofa da sif, wani tsohon sif na katako mai nauyin saniya, sai ya ja gefe ya harɗe hannu a baya. "Ku ɗaga ta can! A'a, ku sauke! Wa ya ce ku sauke? Ku kwantar da shi!" Sif ya maƙale, rabi a ciki rabi a waje, yaro ɗaya ya rage a ɗaki ba hanyar fita. Wani ya ce, "Yallaɓai, ɗan kama mana nan." Nan take ciwon baya ya sauko masa. Ya dafa ƙugu, ya yamutsa fuska, ya ce wallahi da ba don likita ya hana shi ba, shi kaɗai zai shigar da abin nan. Ciwon bai sake shi ba sai da aka fara rabon masa.

Ɗan hoto shi ma ya zo da wuri. Yatsa biyu a kan tabarma, ɗaya hannun a sama da waya. Kafin bokitin farko ya shiga gida, Facebook ya riga ya ji cewa "yau mun share hawayen marayu". Wannan kam bai ba ni dariya sosai ba. Ya jera yaran a jikin bango, ya miƙa wa ƙaramar buta ta riƙe, uwar kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ciki. Da liman ya gani, da ya sha wa'azi.

Wajen hantsi wata mota ta tsaya. Alhajin bai fito ba, gilashi kawai ya sauke. "Me ya rage?" Aka ce katifa, ranka ya daɗe, tasu ruwa ya cinye ta. Ya ce, "Haba, katifa kawai? Kada kowa ya saya. Gobe-goben nan yarona zai kawo." Aka bi shi da addu'a har ya sha kwana, aka kuma soke katifa daga lissafi.

Sai mai kyautar shara, wanda ya ga gayya ta zama hanyar rage tarkacen gidansa. Ya kawo rediyon da ba ya magana, da kujera mai ƙafa uku, da fanka. Fanka fa, a Jos, ana shirin shiga hunturu, a garin da ruwan randa ke gagarar alwala a watan Disamba! Kowanne ya ɗaga sai ya ce, "Ɗan gyara kaɗan yake so." Bargo ɗaya na gwanjo daga Kasuwar Katako ya fi duk lodin nan amfani, amma wa zai faɗa masa, ga shi yana ta jiran godiya?

Injiniya ya karɓi haɗa gado, ya kori kowa daga ɗakin. Bayan awa biyu ya fito da gumi da noti huɗu a tafin hannu, ya ce na ƙari ne, kamfani ke sakawa. Gadon nan kafinta ne ya buga shi, bai taɓa jin ƙanshin kamfani ba.

A ɓangaren mata kuwa, gwaggo biyu suka ja daga a kan jere. Ɗaya ta ce kwanuka gabas, ɗaya ta ce a gidan uban wa aka taɓa yin haka. Wannan ta jera, ta fita shan iska, waccan ta rushe. Matar gidan tana tsaye da labule a hannu, ba wadda ta tambaye ta. Ta uku ba ta jera komai, ƙirga take yi: "Tukwane uku kacal? 'Yar nan, ina kayan aurenki suka shiga?" Kafin Magariba labarin tukwanen ya kai Bauchi Road.

Masu hancin abinci ba sai na daɗe a kansu ba. Suna isowa tare da masa, su tafi tare da kwanon.

To, wa ya yi aikin? Wasu samari biyu 'yan agaji, ɗaya na Izala ɗaya na Fityanu, waɗanda kullum ba sa rabuwa da musu, su suka cire ƙyauren ƙofa suka shigar da sif, suka mayar da ƙyauren. Sai wata mata Birom mai sayar da dankalin Turawa a Farin Gada, wadda marigayin ya daɗe yana yi wa dako. Ta sauko daga Keke da bargo biyu, da rabin buhun gawayi, da kular gwate mai zafi. Abin da na ji ta ce kawai shi ne, "Maman yara, ina tsintsiya?" Ta share, ta shimfiɗa leda, ta tafi tun rana ba ta faɗi ba, don gidanta da nisa. Ɗan hoto bai gan ta ba, yana can yana amsa masu yaba masa.

Ni kuwa, tunda na tona kowa, agogon bango na ɗauka, na kai shi lafiya, na kuma tsaya ina ba da shawarar inda za a kafa ƙusa.

Yau sati shida ke nan. Yaran suna kwana a kan tabarma da bargon matar Farin Gada, fanka tana jingine a bayan ƙofa. Alhaji, in wannan ta iso gare ka, lungu na biyu ne bayan mai shayi, ƙofa mai shuɗin fenti, kuma sanyi ya riga ya sauka.