Hoton Malam a Zauren Alhaji

A wata unguwa cikin birnin Kano, wadda ba sai na kama sunanta ba, akwai wani Alhaji da ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar ci gaban unguwa. Kana shiga zaurensa za ka yi kiciɓis da ƙaton hoton Malam Aminu Kano, farar riga da jar hula, cikin gilashin da ake gogewa kowace safiya.

Alhaji ba ya buɗe taro sai ya yi wa jama'a karatun NEPU, kuma tsakani da Allah ya iya ba da labarin. Zai faro daga ranar 8 ga Agusta, 1950, da aka kafa jam'iyyar a Kano, zamanin da talaka ba ya ɗaga ido gaban hakimi. Ya kawo yadda 'yan doka ke tasa ƙeyar 'yan NEPU zuwa gaban alƙali, a zane su, a jefa kurkuku. Ya ambaci Hajiya Gambo Sawaba da ɗaurinta sau 16. Ya gangaro 1979, da PRP ta ci Kano, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. In ya zo kan rasuwar Malam a 1983, da gidansa na Mambayya a Gwammaja, muryarsa takan yi rawa. "Shi ya koya wa talaka tambaya," in ji shi, yana nuna bango da carbi.

Ran nan ana cikin haka, wani saurayi mai gyaran waya ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa.

"Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Karo-karon da aka yi bara na gyaran rijiyar burtsatse, ina aka kwana? Har yanzu wurin 'yan garuwa muke sayen ruwa."

Zaure ya yi tsit. Alhaji ya sauke carbi, ya dubi yaron sama da ƙasa.

"Wannan ɗan gidan waye? Yaushe aka haife ka da za ka titsiye ni gaban mutane? Yaran zamani ke nan, waya ta cinye tarbiyya."

Nan da nan masu gyara zama kusa da Alhaji suka karɓe. Wannan ya ce rashin kunya, wancan ya ce turo shi aka yi. Wani ƙato har ya miƙe zai fitar da shi. Ni kaina, in faɗi gaskiya, ƙasa na duba ina wasa da gefen tabarma.

Sai wani tsoho mai sayar da goro, wanda shekarunsa sun doshi casa'in, ya dogara sanda ya tashi. Kowa a unguwar ya san tabon bulalar da ke gadon bayansa, da kuma inda ya samo shi. Bai ce wa kowa uffan ba. Ya lallaba har jikin bango, ya kama hoton Malam da hannu biyu, ya juya fuskarsa ta dubi bango.

"Baba, lafiya?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau, Alhaji. Tausayinsa na ji. Na san halinsa, ba ya iya shiru. Kada ya sa baki a maganar rijiyar nan, kai kuma ka tambaye shi ɗan gidan waye."

Ya ɗauki farantin goronsa ya fice.

Kafin sallar isha'i labari ya cika Facebook. Samarin da suka yi gum a zaure su suka fi kowa zuba yabo: wannan ya kira tsohon gwarzo, wancan ya liƙa hoton Malam a shafinsa ya rubuta "Sawaba" da manyan baƙaƙe. Alhaji kuwa ya sa yaronsa ya mayar da hoton daidai, aka ƙara goge gilashin.

Da mako ya zagayo, mai gyaran waya ya sake zuwa taro da littafin da aka rubuta sunayen waɗanda suka biya. Ya waiwaya ko masu yabon nan za su biyo shi. Tsoho mai goro kaɗai ya gani yana tafe da sandarsa, yana kauce wa kurar 'yan garuwa a lungu.