Masu Kawo Raket Saƙa

A kowane kulob ɗin tenis akwai mutumin da ya fi koci sanin halin 'yan wasa: mai saƙa tsirkiyar raket, wanda ke zaune gefen fili da na'urarsa, hannu na jan zare, kunne na shan ƙorafi.

Wanda ya fi kawo masa ciniki shi ne masoyin Federer. Ya ji cewa Roger Federer, lokacin da yake wasa, tsirkiya iri biyu yake haɗawa, ta hanjin saniya a tsaye, ta roba mai tauri ta kamfanin Luxilon a kwance, don haka shi ma ita yake so ko nawa ce. Tsirkiyar hanji kuwa 'yar gata ce. Tun 1875 kamfanin Babolat na birnin Liyon a Faransa ke yin ta, tana da laushi a hannu, tana da tsada, kuma ba ta shiri da laima. Mutuminmu zai biya, ya buga da ita a jiƙaƙƙen fili tsakiyar damina, ya wurga raket a but ɗin mota. Ranar da ta tsinke sai ya dawo yana tambaya, "Malam, anya ta asali ka sa min?"

Sai mai son ɗauri tamau. Yawancin mutane tsakanin kilo 23 zuwa 27 ake ja musu tsirkiya, amma shi an ba shi labarin Björn Borg, wanda a zamanin da yake wasa ake ja wa tasa har wajen kilo 36, har takan tsinke da kanta cikin dare. Abin da ba a gaya masa ba, ɗauri mai tauri saiti yake ƙarawa, ƙarfin bugun kuwa daga damtsenka zai fito, kuma damtsen Borg ba irin na mai zaman ofis ba ne. Mako na zagayowa za ka gan shi da gwiwar hannu a naɗe, yana cewa sanyin ƙashi ne ya taso masa.

Akwai mai ƙirga ƙulli. Saƙa iri biyu ce: ko a yi ta da zare ɗaya dogo a gama da ƙulli biyu, ko a raba shi gida biyu a gama da huɗu. Wannan bawan Allah zai tsaya a kan mai saƙa kamar uwar amarya a kan tela, ya rantse ƙulli biyu ya fi, alhali tsirkiya iri biyu ya kawo a haɗa masa. Ta yaya zare biyu zai ƙare da ƙulli biyu, shi kaɗai ya sani.

Sai marowaci, shi bai da dogon zance. Masu sana'ar sukan ce yawan fitarka fili a mako, shi ne yawan sabunta tsirkiyarka a shekara. Shi kullum yana fili, tsirkiyar kuwa wadda raket ya zo da ita ce daga kanti. In ta tsinke sai ya ce, "Ɗan ɗaure min wannan guda ɗayan kawai."

Wanda ni dai ya fi ba ni haushi shi ne wanda bai taɓa shan kaye da hannunsa ba. Yau tsirkiya ta yi sako-sako, gobe ta yi tauri, jibi a rage masa rabin kilo. Ƙwallon da ya buga ta faɗa gidan maƙwabta ma laifin mai saƙa ne. In kai ne wannan, don Allah fara biyan bashin saƙar bara kafin ka kawo ƙarar ta bana.