Mako Shida Ana Kiwon Ruwa

Akwatin kifin teku akwati ne na gilashi da ake cikawa da ruwan gishiri, a zuba yashi da duwatsu, a saka injin da zai riƙa motsa ruwan, sannan a ajiye kifi a ciki don kallo kawai. Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi wuyar bayani a Abijan, birnin da Hausawa suka yi suna wajen soya kifin tuna su haɗa da aceke, har abincin ya ɗauki sunan garba. Duk wanda ya ce zai sayi kifi, ya ciyar da shi, ya biya masa kuɗin wuta, kuma ba zai ci shi ba, to ya tanadi amsar da zai ba 'yan'uwa tun kafin ya tanadi ruwa.

Turawan Ingila ne suka yaɗa wannan al'ada. A shekarun 1840 wata mata mai suna Anna Thynne ta riƙe murjani mai rai a gidanta na Landan, kuma dabararta ita ce kullum 'yar aikinta ta tsaya gaban taga tana sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan don iska ta shige shi. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi ga jama'a, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafinsa a kan harkar. A yau injin lantarki ya karɓi aikin 'yar aikin nan, amma duk daren da aka ɗauke wuta aikin yakan dawo hannun mai akwatin, da kofin roba.

Sabon shiga yakan fara ne daga unguwar Adjamé, domin a can ake fara komai. Tsakanin kasuwar Forum da titin Nangui Abrogoua, cikin ihun yaran motocin gbaka da turereniyar masu kaya, ana samun masu yankan gilashi da masu sayar da ƙananan injina da fitilu da wayoyi. Ƙa'ida ta farko ita ce ƙaramin akwati ya fi babba wuyar riƙo, saboda ruwa kaɗan yana saurin zafi, yana saurin lalacewa, gishirinsa ma yana saurin hawa. Masana sukan ce kada mai koyo ya yi ƙasa da lita 60. Mai koyo yakan saurari wannan da kyau, ya taɓa aljihunsa, ya sayi mai lita 30.

Ana haɗa gilashin da danƙon silikon, kuma iri biyu ne. Wanda ake liƙe banɗaki da shi yana ɗauke da maganin fumfuna, wanda ke kashe abin da ke cikin ruwa. Idan aka tambayi mai shago bambancinsu yakan ce, "Duk ɗaya ne, Alaji, kwalin ne kawai ya bambanta." Sai kuma nauyi. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan haura kilo ɗaya, don haka akwati mai lita 60, da yashinsa da duwatsunsa, yana kusantar kilo 80. Teburin shayi ba ya ɗaukar wannan. Haka kuma ana gwada ko akwati yana yoyo ne a tsakar gida, da ruwan famfo, a bar shi ya kwana. Akwai wani mutum da marubucin wannan bayani ya sani ƙwarai, har takalminsu lamba ɗaya, wanda ya yi nasa gwajin a cikin ɗaki, a kan durowar da uwargida ke ajiye atamfofin biki. Har yau maganar ba ta mutu ba.

Kai akwatin daga Adjamé zuwa gida a unguwar Treichville ba ya buƙatar dogon bayani. Direban tasin woro-woro zai karɓi kuɗin kujera biyu, ya ce ba shi da canji, sannan a haye gada mutum na rungume da gilashi yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Da jin haka sai sabon shiga ya yi lissafi, ya ga ai abin ba tsada, ya sayo gishirin miya. Matsalar ita ce gishirin miya kusan sinadari ɗaya ne, shi kuwa na teku kashi 85 cikin ɗari ne kawai irin wannan. Ragowar ya ƙunshi maganiziyam da salfet da kalsiyam da fotasiyam da sauran abubuwan da ke hana ruwan yin tsami. Kifin teku ba ya rayuwa a ruwan gishirin miya, sai dai ya jiƙu ya jira mai.

Dabara ta biyu ita ce ɗebo ruwan tafkin Ébrié, tunda ga shi nan a bakin Treichville kyauta. Tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950 teku ke shigowa tafkin, amma ruwansa gauraye ne. Da rani yakan yi gishiri sosai a kusa da mashigin, da damina da lokacin cikar kogin Comoé kuma gishirin ya kusa ɓacewa. Ban da wannan, kwatocin birnin a can suke ƙarewa, haka kumfar sabulun fanico masu wanki a rafin Banco. Dabara ta uku ita ce a je Port-Bouët a ɗebo teku da kanta. Wannan tana da tushe a ilmance, idan an samo ruwan daga nesa da gaɓa an kuma tace shi. Sai dai igiyar ruwan wannan gaɓar tana kayar da ƙwararrun masunta, balle ɗan Tawa ko Maraɗi wanda iyakar iyonsa tafkin bayan gari. Mutumin nan mai takalmi ya dawo da rabin jarka, da yashi a aljihu, da takalmi ƙafa ɗaya. Jarkar kuma ta manja ce a da, don haka da safe ya tarar da jan maiƙo ya lulluɓe saman akwatin.

Hanyar da ta dace ita ce a sayi gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki, wanda daga waje ake shigowa da shi, farashinsa kuma yana nuna hakan. Ana dama shi a bokiti mai tsabta da tataccen ruwa marar kulorin, a bar inji ya juya shi ya kwana, a auna da ma'aunin nauyin ruwa har ya nuna 1.025 ko kusa da haka. Lita 60 takan ci kilo biyu da ɗoriya. Ba a auna gishiri da harshe.

Daga nan sai babban aikin, wato raya ruwan. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. A teku wannan ba komai ba ne, saboda yawan ruwa. A akwati kuwa kifin kamar ɗan haya ne da aka kulle a ɗakin da ba makewayi. Abin da ke ceton sa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Rukuni na farko, dangin Nitrosomonas, suna mayar da amoniya ta zama nitirayit, wadda ita ma guba ce. Rukuni na biyu, irin su Nitrospira, suna mayar da nitirayit ta zama nitiret, wadda kifi ke iya jurewa idan ba ta yi yawa ba. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi wajen 1890. Ba su yawo a cikin ruwa sosai. A jikin dutse da yashi da soson matata suke zama, kuma a hankali suke hayayyafa. Kafin su cika akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, wani lokaci ya wuce haka.

A duk tsawon wannan lokaci ba a saka kifi. Ana zuba yashi, a jera duwatsu masu ƙofofi, an fi so a samu ɗaya daga tsohon akwatin da ya riga ya rayu, domin shi ne iri. Karin maganar da ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse ba ta aiki a nan: ba a tafasa dutsen da ya fito daga teku, domin wasu halittun da ke manne da shi suna da dafin da tururinsa kan kwantar da mutanen gida a asibiti. Sai a jefa ɗanyen jatan lande ƙwaya ɗaya, a bar shi ya ruɓe don ƙwayoyin su samu abinci. Ƙwaya ɗaya aka ce. Sabon shiga yakan yi tunanin idan ɗaya yana ɗaukar mako shida, to shida za su ɗauki mako ɗaya. Zuwa dare na uku gidan haya gaba ɗaya ya san an yi wannan lissafi.

"Maigida," in ji uwargida daga bakin ƙofa, mayafi a hanci, "ko dai ruwan naka ya rasu ne ba ka sanar ba?"

Ana bin tafiyar da kayan gwaji. Kowane kwana biyu ko uku a ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a ɗiga magani, a girgiza, a gwada launinsa da na jikin kati. Da farko amoniya za ta hau, sannan ta sauka nitirayit ta hau, sannan ita ma ta sauka nitiret ta bayyana. Ranar da biyun farko suka koma sifili, ruwa ya rayu. A tsakanin nan wata gansakuka mai ruwan ƙasa takan rufe yashi da gilashi. Alama ce mai kyau, kuma ba a wanke ta da omo, ba a kuma kwashe duwatsu a dirje su a famfo, domin kulorin zai kashe ƙwayoyin, lissafi ya koma ranar farko.

Littattafan Turawa ba su yi bayanin abin da ke faruwa a tsakar gida a waɗannan makonni ba. A makon farko maƙwabta sukan leƙo su ce, "Malam, ina kifin?" A na biyu sukan leƙo ba su ce komai. Zuwa na uku an haɗa hujjoji: akwatin gilashi babu kowa ciki sai duwatsu, shuɗiyar fitila na ci cikin dare, magidanci a durƙushe yana ɗiga magani a kwalba yana magana shi kaɗai. A garin da kowa ya san labarin Mami Wata, hukuncin ba ya daɗewa. Mai garban bakin layi yakan zo da sallama, ya rage murya ya ce, "Kawu, don Allah a sam mini ko rabin kwalba ne in yayyafa a rumfa, kasuwa ta yi sanyi." Dattijon gida kuma yakan kira mutum gefe bayan sallar isha ya ce, "Ɗana, arziki na Allah ne, ka bi a hankali." Bayanin Nitrosomonas ba ya taimakawa a wannan matsayi, domin da zarar mutum ya ce yana ciyar da wasu halittu ne da ido ba ya gani, ya gama tabbatar da zargin da kansa.

Yara ma suna da nasu taimakon. Ganin akwati ba kowa, sukan jefa burodi, ko aceke, ko kan kifin da ya rage daga abincin rana. Murfi wajibi ne.

Zafin Abijan wani babi ne. Kifin murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, ɗakin kwano kuwa a watan Maris yakan haura 30. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar numfashi sosai. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage zafin, amma tana ƙara saurin ƙafewa, kuma abin da ke tashi ruwa ne zalla, gishirin yana nan. Saboda haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gurbin. Wanda ya riƙa cikewa da ruwan gishiri zai wayi gari da akwatin da ya fi dacewa da jiƙa fata. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa guba ne ga kifi ko da kaɗan ne, haka sabulu da man shafawa da turaren da ke hannu. Feshin gishiri kuma yana cin ƙarfe yana jan wuta, don haka soket ba ya zama a ƙarƙashin akwati. Wanda ya taɓa tsoma hannu ya ji an gaishe shi har kafaɗa ba ya buƙatar a maimaita masa.

Idan gwaji ya nuna sifili, sai a canza wani kaso na ruwan don rage nitiret, daga nan kuma a riƙa canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari duk mako ɗaya ko biyu. Yanzu ne ake sayen kifi. Yawanci abin da sabon shiga ke so shi ne ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa duniya ta sani. Ba a samun sa a Tekun Atlantika. Gidansa tekunan Indiya da Fasifik, don haka sai dai jirgin sama ya kawo shi. Ana ɗora ledarsa a saman ruwa ta ɗan jima, a riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan kafin a sake shi. Ƙaramin akwati kifi biyu ne iyakarsa, kuma abincinsu abin da za su cinye cikin minti biyu. Maƙwabta za su taru su ga abin da aka yi mako shida ana jira, su ga bai kai yatsa ba, wani ya tambayi nawa aka saye shi. Ba a faɗin gaskiyar farashin a gaban uwargida.

Ga mai koyon da ke zaune a Adjamé ko Treichville, kifin da ya fi dacewa yana nan a tafkin Ébrié, wato karfasa mai baƙin haɓa, wadda masana ke kira Sarotherodon melanotheron. Tana rayuwa a ruwan daɗi da ruwan gauraye, a yankin Saloum na Senegal ma ana samun ta a ruwan da ya ninka teku gishiri. Zafi bai cika damun ta ba, ba ta zaɓen abinci, kuma ba ta buƙatar tikitin jirgi. Ba ta da kyan gani, kuma takan girma ta fi ƙarfin ƙaramin akwati. Amma idan hakan ta faru, ko aka wayi gari ta juya ciki sama, mushen kifi halal ne, mai garba kuma ba ya ƙin ara wa maƙwabci kasko.