Ku Mayar da Ashanar Aljihu

To, 'yan "zuma ai zuma ce", ku matso kusa. Na san ku sarai. Ku ne masu tsoma tsinken ashana a kwalbar mai talla, ku ƙyasta, in ta kama ku gyaɗa kai kamar kun haɗa digiri. In kuwa zumar ta yi duhu sai ku taɓe baki: "Wannan ai sukari aka ƙona." Sannunku da bincike!

Ƙudan zuma ba ya zuwa kanti. Abin da saiwar itace ta tsotso daga ƙasa, shi ke hawa cikin ruwan fure, shi ƙudan ke kwasowa a 'yan kilomitocin da ke kewaye da amyarsa. Don haka zumar ɗorawa daban, ta darbejiya mai ɗan ɗacin nan daban, ta kurna daban. Wannan kurnar da kuke jifa da dutse kuna yara, ita ce sidir ɗin da mutanen Hadramaut a Yaman ke sayar da zumarta da ɗan karen tsada.

Kun tsuke fuska? Ku saurara. Ma'adinin da ya fi yawa a zuma shi ne fotasiyam, sai irin su kalsiyam, maganiziyam da ƙarfen da ke ƙara jini. Farar zuma takan ɗauki kusan kashi 0.04 cikin 100 na ma'adinai, mai duhu ta kai 0.2. Ninki biyar ke nan, Alhaji! Wadda kuke wa kallon banza ta fi farar saƙarku kaya a ciki.

Kai kuma mai murmushi a can baya, kada ka ruga ka ce na ba ka maganin ƙarancin jini. Cokali guda bai kama ƙafar kwanon zogale ba.

Kuma ƙudan ba ya tace abin da ya tarar. A rataya amya kusa da inda ake niƙa dutsen ma'adinai ko bakin titi mai hayaƙi, dalma na iya biyo ƙura ta shiga saƙa. A zuba zuma a tsatsattsen gwangwani, ta lashi ƙarfen. Wanne daga ciki ashanarku ta taɓa tona wa asiri?

Gobe in kun tare mai zuma, ku tambaye shi dajin da ya ɗebo ta da itacen da ke fure a lokacin. In ya fara sosa ƙeya, ku riƙe kuɗinku. Ashanar kuma a kai wa uwargida, tun ɗazu take nemanta a madafa.