Dogon Hutu, Dogon Aike

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen Yuli, sai ka ji ana cewa yara sun samu dogon hutu. Wanda ya raɗa wa abin nan suna hutu, ko dai bai taɓa zama yaro a gidan Bahaushe ba, ko kuwa hutun ƙafar iyaye yake nufi. Tun ba a sauke koko ba an tura yaro sayen ƙosai. Ya dawo, a miƙa masa bokitin markaɗe. Yana direwa a tuna babu magi. Ya kawo magi a tuna babu gishiri, alhali shago ɗaya ke sayar da su, sai dai a al'adarmu ba a tuna abu biyu a aike ɗaya. Maƙwabciya ma in ta leƙo ta tarar da yaro a zaune, zaman nan sai ya tsaya mata a rai: "Kai, zo ka yo mini canji." Kafin la'asar ya ci zangon da ko ɗan acaɓa sai ya nemi ƙarin kuɗin mai.

To a ɗan tsakanin aike da aike ne yaron yake yin abin da ya fi komai daraja a yininsa. Ya tsinci gwangwanin madara, ya yanka tsohon silifa ya fitar da taya huɗu, ya soke su da tsinke, ya ɗaura zare, sai ga mota tana tafiya ba fetur ba layi. Damina ce, laka kyauta: ƙanwarsa ta gina 'yar tukunya har da murfi, shi kuma ya yi sa mai tozo da ƙaho. Tukuicinsu? "Wa ya yanka mini takalmi? Ke, dubi rigarki! Ku kwashe mini tarkacen nan." Nan take tsintsiya ta rufe masana'anta. Abin dariyar, 'yar Murtalar nan ta naira 20 da ake cika wa yaro kuɗin aike da ita, in ka juya bayanta Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Tun tana yarinya ta koyi sarrafa yumɓu a hannun danginta, a 1954 ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, har tukwanenta suka kai Landan. Da a irin gidajenmu ta tashi, da yumɓun ya bushe tana layin injin markaɗe.

Za a ce ai aike tarbiyya ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babu musu. A hanyar shago yaro ke koyon gaisuwa, da lissafin canji, da riƙon amana. Amma darasin da aka fahimta a zuwa na biyu, me zuwa na goma sha biyu zai ƙara masa in ban da kaushi? Wannan ba tanƙwara ba ce, mantuwar manya ce aka sa mata rawani.

Wani kuma zai ce a bar wa makaranta, ai akwai darasin aikin hannu. Lallai akwai. Malam ya ce kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa, sai uba ya biya kasuwa ya sayo tsintsiya ko mafici, yaro ya kai, a ba shi maki. Hannu dai ya yi aiki, tunda da shi aka miƙa kuɗin. A wasu wuraren ma an taƙaita wahala, kuɗin tsintsiyar ake kaiwa. Wato aikin da yaro ya yi da kansa shara ne, wanda wata tsohuwa ta yi a ƙauye shi ne basirarsa.

Daga baya tausayi ya kama maigida, ya sayo motar roba 'yar Sin mai fitila da jiniya. Kwana biyu ta mutu. Yaro ya zauna a bayan ɗaki ya kwance tayoyinta, yana gwada su a jikin gwangwani, harshe a waje. Ya ɗaura uku, saura ɗaya, sai murya daga madafa: ashana ta ƙare.