Adashina da Ubangiji

A baki, ni ɗan alheri ne. Tsayar da ni a ƙofar majami'a ka tambaye ni yadda ake samun ceto, kafin ka rufe baki na amsa: kyautar Allah ce, ba ladan aiki ba. Har wurin zan nuna maka, Afisawa sura 2. Amma can cikin zuciya, inda fasto ba ya leƙawa, na mai da Ubangiji uwar adashi. Ina zubi, ina ƙirgawa, ina jiran ranar kwasa.

In na fitar da zakka ranar Lahadi ban gutsure ta ba, kafin Laraba kunnena na kan waya ko alat zai shigo. Na taɓa kai wa wata gwauruwa a unguwarmu mudun masara, na kamo hanyar gida da tabbacin babur ɗina ba shi da ikon yin faci a wannan makon. Ya kuwa yi. Ina tura shi a gefen titi, gumi na zuba, abin da ya fito bakina shi ne, "Haba Ubangiji, bayan masarar?"

Wannan ma da sauƙi. Masifa in ta faɗa wa maƙwabci, ni ne mai tono dalili: ai dama an ce yana tauye mudu, ai dama ya daina zuwa addu'ar safe. In ta faɗa mini, sunanta gwaji, ni kuma Ayuba. Alhali a littafin Ayuba tabarmata tana kusa da ta abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, waɗanda suka zo jaje suka ɓuge da tuhuma, suka nace lallai akwai zunubin da ya ɓoye. A ƙarshe su Allah ya tsawata wa, sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Yesu ma ya toshe wannan ƙofar. A Yohanna sura 9 almajirai sun so su san laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce musu ba na kowa ba ne. A Luka sura 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rufta wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ana karanta wuraren nan ina gyaɗa kai, sai ka ce da wasu ake.

Na ɗan ji sanyi da na gano ciwon ya girme ni. A farkon ƙarni na biyar, Pelajiyus, mutumin Birtaniya mai koyarwa a Roma, ya ce ɗan Adam na da ƙarfin zaɓar nagarta da kansa. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ce ko son nagartar ma Allah ne ke dasa shi. A 418 majalisar bishop-bishop a Kartej ta yi watsi da koyarwar Pelajiyus. Maganar ba ta mutu ba. A 1517 Martin Luther ya tayar da ƙura kan sayar da takardun gafara, Kalbin na Janiba ya koyar cewa babu abin da ke faruwa bisa tsautsayi, taron Dort na 1618 zuwa 1619 kuma ya yanke hukunci a kan almajiran Arminiyus, masu cewa mutum na iya ƙin alherin da aka miƙa masa.

Abin da ya gagari malaman nan shekaru aru-aru, ni na sasanta shi a tsakar gidana. Ranar da ɗana ya ci jarrabawa ni Pelajiyus ne, tarbiyyata ce. Ranar da ya faɗi ni Kalbin ne, haka Allah ya nufa.

Ba wai aiki ba shi da wuri ba. Bulus ya yi wa Galatiyawa zancen shuka da girbi, Yakubu kuma bai ga amfanin bangaskiyar da ba ta motsa hannu ba. Sai dai na duba, babu inda ɗayansu ya yi alkawarin biya kafin Laraba. Wannan ni na ƙara.

Misalin da har yau yake tsaya mini a wuya shi ne na Matiyu sura 20: mai gonar inabi ya ba wanda ya yi aikin sa'a ɗaya dinari guda, daidai da wanda ya sha rana tun safe. Na san wanda ya kamata in goyi baya, amma zuciyata na tare da masu gunaguni. Kwanan baya wani da duk unguwa ta san shi a gidan burkutu ya tuba, bai rufa wata biyu ba ya miƙe a sujada yana shaidar ya samu kwangila. Na tafa, na ma fi kowa ɗaga murya wajen Halleluya. Da dare na ce wa matata irin wannan kuɗi ba ya albarka. Ta ci gaba da tankaɗen garinta, ta ce, "Maigida, zakkar watan jiya fa, ka cike ta?"